An Ɗaure Habu a Rumfar Gona

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanmu da shekarar mulkin kai. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Damagaram.

Makon jiya na je garin Dogo gaida yayana. Yana da ɗa, Habu, mai shekara bakwai. Ba ya magana, ba ya amsa sunansa, har ana ce masa kurma. Ba kurma ba ne. Tun motar gyaɗa tana nesa yake toshe kunnuwa, kafin kowa ya ji ta. In tabarya ta bugi turmi, jikinsa rawa yake.

Dawa ta nuna, tsuntsaye sun sauka. Na tarar an ɗaure Habu a rumfar gona, an rataya gwangwanaye dab da kansa. Da an ja igiyar gwangwanayen sai ya kurma ihu, tsuntsaye su watse, mutane su fashe da dariya.

Na ce, "Yaya, ƙarar nan ciwo take masa. Ba ni shi mu tafi birni."

Ya kira ni yadda 'yan lakwal ke kiran malaminsu da Faransanci, ya ce, "Mushe, boko ya ɓata ka. Bana yaron nan ya fara amfani. Ka dawo bayan girbi."

Girbi saura kwana ashirin. Masu sauraro, ta yaya ƙane zai karɓe yaro daga hannun ubansa?