Amigo

Babur ɗina na sayar na yi kuɗin jirgi, kun dai san labarin wannan babur. Manchester na fara sauka, a Fallowfield, gidan ɗalibai masu kwana kiɗa su yini barci. Na ga ba zan iya ba, na tattara na koma Birmingham, can Handsworth, na samu aiki a wani warehouse, wato sito, na kayan gwangwani.

Manajanmu wani Bature ne mai tumbi, Gary. Ranar farko ya dafa min kafaɗa ya ce, "Welcome, amigo." Na tambayi Bitrus, ɗan Kafanchan da muke ɗaukar kaya tare, mene ne kuma amigo. Ya ce Sifaniyanci ne, wai aboki.

Kai, na ji daɗi! Har Inna na kira na ce manaja ya ɗauke ni aboki. Ashe shi Gary ɗin abin da ya sani na Sifaniyanci bai wuce cikin cokali ba. Hutu yake zuwa can, ya kwanta bakin ruwa rana ta gasa shi ya yi jawur, ya dawo yana barbaɗa wa Turancinsa kalma biyu kamar yaji a tsire. "Pronto, amigo!" "No problemo, amigo!" Ni amigo, Bitrus amigo, ɗan Somaliya mai tuƙa forklift, motar ɗaga kaya, shi ma amigo. Amma Turawan ofis kowa da sunansa.

To, aka ce za a naɗa supervisor. Wanda ya samu, aikinsa ya zama permanent, ni kuwa da shi nake so in kawo iyalina. Lokacin Kirsimeti kowa ya tafi hutu, har Bitrus, ni kaɗai na riƙe wurin nan cikin sanyi, yatsuna suna tsagewa. Gary ya gan ni da idonsa. Ya ce, "That job's yours, amigo."

Janairu ya kama, sai ga Bitrus da rigar supervisor. Bawan Allah ya kasa haɗa ido da ni. Na wuce ofishin Gary ko sallama babu.

"Ni ka yi wa alkawari."

"I gave it to the lad who did Christmas."

"Ni na yi Kirsimeti!"

Ya leƙa taga ya kalli Bitrus, ya dawo ya kalle ni. Bitrus fa gajere ne, ni kun ga tsawona.

"Easy, amigo, honest mistake."

Na ce, "Na yafe rigar. Faɗi sunana kawai."

Wallahi mutumin nan ya buɗe baki, ya rufe, ya soma laluben ƙirjina da ido ko akwai badge mai sunana. Raina ya yi baƙi ƙirin. Shekarun da na yi ina zuba masa gumi, ashe ko sunana bai taɓa riƙewa ba. Na cire safar hannu na ajiye masa kan tebur. Ina fita na ji ya ce, "Adios, then." Ɗan banza, ko a nan bai bar Sifaniyancin ba.

Ban ƙara samun aikin kirki ba, na dawo gida da akwati ɗaya. Ina sauka Legas, wani direban tasi ya ƙwala min kira, "Aboki, you dey go?" Na yi dariya har da hawaye.

Da na iso gida, Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ɗago kai ta ce, "Yakubu."

Na durƙusa gabanta na ce, "Inna, ƙara faɗa."