Makin Ɗaliban Koriya da Fushina na Shekara Huɗu

Salama a gare ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Ku amsa da ƙarfi tun yanzu, domin abin da zan faɗa ba zai ƙara mini daraja a idonku ba.

Sunana Yohanna, akawun makarantar mishan. Yawancinku kun san ni da fushi. Wasu sun san ni da burukutu ma, kunya ce kawai ta hana su faɗa.

Ga inda abin ya samo asali. Shekara huɗu kafin mulkin kai na nemi wata kwalejin aikin gona a Amurka. A jarrabawarmu na ci sittin da huɗu, ni ne na biyu a aji. Kun san malamanmu 'yan Ingila, in ka ga saba'in a takardarka to mafarki kake yi. Ashe a Amurka sittin da huɗu makin raggo ne! Ba wanda ya rubuta musu bayani, su ma ba su tambaya ba. Layi biyu suka aiko mini, wai babu gurbi.

Daga ranar na lalace. In an tashi aiki ba gida nake nufa ba, sai bayan gari, gidan burukutu. Matata Saratu ta sha tsawa a kan gishiri, a kan ruwan wanka, a kan ba komai. Cikina kullum zafi kamar na haɗiyi garwashi. Ranar Lahadi kuwa ga ni a bencin gaba ina rera waƙa. Kaito!

Da daminar shekarar mulkin kai, Mis Rut, Baturiyar da ke koyar da Turanci a makarantarmu, ta ajiye mini tulin takardu a tebur. Ta taɓa koyarwa a ƙasar Koriya kafin yaƙi ya koro ta. Yaran da ta koyar sun girma sun gama jami'a, uku daga cikinsu suna neman digiri na biyu a Amurka, suka roƙe ta ta tsaya musu.

Ta ce, "Malam Yohanna, kai ne gwanin lissafi a nan. Ka juya mana makin nan zuwa irin na Amurka."

Na buɗe. Jama'a! Jami'a uku, ma'auni uku. Ɗaya bisa ɗari take aunawa, ɗaya da haruffa. Ta ukun, ta wani saurayi mai suna Pak, kalmomi biyar ne, Mis Rut ta rubuta mini su da boko: su, u, mi, yang, ga.

Na ce, "Mis, su wa? Ga me?"

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Wai "su" shi ne maki mafi girma, "ga" kuma mafi ƙanƙanta. Amurkawa kuma so suke a mayar da duka bisa huɗu.

Mako biyu ina fama, muka aika. Suka dawo da su, wai ban ninka makin kowane darasi da yawan sa'o'insa ba. Na sake tun daga farko. Suka sake dawo da su, wai hatimi suke so a kowane shafi, kuma in bai iso kafin ƙarshen wata ba, sai baɗi. Ruwa kuma ya taɓa takardun a hanya, dole a sake buga su duka. Haba! Wane irin mutane ne waɗannan?

A makon nan zazzaɓi ya kwantar da Mis Rut, aka wuce da ita asibiti a Jos. Kafin ta shiga mota ta miƙa mini hatiminta. Ta ce in kula da na Pak musamman, domin mahaifinsa ya mutu a yaƙin, a cikin tanti ya yi rabin karatunsa.

'Yan'uwa, na zauna gaban tafireta, zuciyata ta ce, "Kai wa ya kula da naka?" Sai na fara ragewa. Inda ya kamata huɗu, na buga uku. Inda uku, na buga biyu. Pak da ya kusa cika huɗu, na mai da shi da ƙyar ya kai biyu. Na buga hatimi a kowane shafi yadda suke so, na liƙe ambulan.

Washegari da safe har alfahari na yi wa Saratu tana dama kunu. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Baban Luka, wa ya yi maka laifi a Koriya?"

Na ce ba ruwanta, na yi ƙwallo da kujera, na hau kekena.

A gidan waya na bi layi har na kai gaba. Ma'aikacin ya miƙo hannu. Na kasa sakin ambulan ɗin.

"Malam, kawo mana, akwai mutane a bayanka."

Na juya na fita. Ban san inda na nufa ba sai da na gan ni a unguwar Wunti, na jingine keke a jikin bishiya kusa da rumfunan teloli. Nan na yi addu'a, kuma ba mai ladabi ba ce.

Na ce, "Ubangiji, na gaji! Na gaji da Amurkawa, na gaji da 'su' da 'ga', na gaji da kaina. Shekara huɗu ina jiran wani ya zo ya ba ni haƙuri, ba wanda ya zo. Yau ga ni zan yi wa maraya abin da aka yi mini, kuma nawa ya fi muni, su rashin sani ne, ni da gangan. Ka cire mini wannan abu, ni na kasa!"

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Kuka kawai na yi, ni babban mutum, a bakin titi. Wani dattijon tela ya kawo mini ruwa a moɗa.

"Malam, rasuwa aka yi?"

Na ce, "A'a Baba, lissafi ne."

Na koma ofis na yayyaga takardun. Kwana uku na yi ina sake bugawa da gaskiya. Na ƙara shafi guda da ba wanda ya nema, na bayyana ma'aunin kowace jami'a dalla-dalla, yadda ko wawa zai gane, na kai gidan waya na aika. Sannan na durƙusa na roƙi Saratu gafara. Ta ce ta yafe, amma in gyara kujerar.

Da Mis Rut ta dawo na faɗa mata komai.  Ta karɓi kwafin da na ajiye, ta bi kowane lissafi da fensir a gabana. Raina ya sosu, amma na haƙura, domin ni na jawo.

Aka ɗauki biyu, har da Pak. Na ukun ba a ɗauke shi ba, makinsa na gaskiya bai kai ba, kuma hannuna a wanke yake. Yabo ga Ubangiji! Tun ranar Wunti ban sake taka gidan burukutu ba, zafin cikin ma ya tafi.

Kada ku ɗauka na zama mala'ika. Tun da aka samu mulkin kai samari suke yi mini layi da takardun neman karatu a waje. Jiya ma wani ya kawo na wata ƙasa inda maki ɗaya ya fi biyar! Sai da na fita na zagaya ofis sau biyu kafin na iya zama.

Na gode wa Yesu da ya riƙe hannuna a gidan waya. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in akwai abin da ka liƙe a ambulan kana shirin aikawa, tsaya tukuna. Ka faɗa masa ka gaji, ko da da faɗa ne. Yana ji, kuma ya isa ka dogara gare shi. Amin.