Maganin Surukina da Muciyata

Ina gaishe ku, ƴan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Salamarsa ta zauna tare da ku.

Wanda bai san sunana ba ya san tukunyata. Ni ce Hannatu mai tuwo ta bakin kasuwar dabbobi. Shekara da shekaru dillalai da makiyaya suna cin tuwona, ni kuma ina cin abin da ya kwanta ƙasan tukunyar miya: kitse, ɓargo, man shanu. Ba zan ɓoye muku ba, ni mai son maiƙo ce. Miyar da ba ta ƙyalli, a wurina ruwan wanke-wanke ce.

Bara ɗiyata Saratu ta matsa sai na je Maradi an duba ni, don mijinta ma'aikacin jinya ne a can. Aka yi mini analiz ɗin jini, lokotoro, wato likita, ya ce kitse ya yi yawa a ciki, kolesterol suke ce masa, in ba a rage ba yana iya toshe hanyar jini. Ya rubuta mini ƙwaya ɗaya kowace rana. Surukina ya ɗauki nauyin maganin, duk wata sai direban mota ya kawo mini shi cikin leda.

Ba a jima ba cinyoyina suka fara tsami, kamar na taka da ƙafa daga nan zuwa Roumbou. Daga nan kafaɗu, daga nan gwiwa. In na zauna kan kujera ƴar tsuguno, tashi sai na dafa bango. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne muciya. Ni da nake tuƙa babbar tukunya ina hira, na koma ina tuƙi ina hutawa, tuwo yana yin gudaji. Wata rana wani makiyayi daga Korahane, tsohon mai cin tuwona, ya kai loma ɗaya ya dube ni ya ce, "Hannatu, wa ya tuƙa tuwon ga? Wanga ba hannunki ba ne." Na yi dariya, amma maganar ta soke ni. Hannun nan shi ke ciyar da gidana tun rasuwar maigida.

Ga wautar da na yi. Na ce a raina kitsen ne ya gangaro gaɓoɓi, to bari in ƙara masa wuta. Na koma shan ƙwaya biyu. Da magani ya ƙare kafin lokaci, na ce wa Saratu ya zube cikin ruwa. Ƙarya na yi, ni da nake tsayawa gaba a zumuntar mata!

Ciwo ya ninka. A nan na fara zargin ƙwayar. Na koma ɗaya, ciwon bai tafi ba, kuma ina tsoron dainawa saboda maganar toshewar jini. Mutum ɗaya ne zai iya warware mini, shi ne surukina. To, kun san mu. Mutumin da ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci gabansa ba, in ya shigo gida ni ɗaki nake shigewa. Shi zan zauna in lissafa wa cinyata da ƙuguna? In ce masa alherin da yake aiko mini shi ke karya ni? Saratu kuwa, abin da ya shiga kunnenta da safe, kafin rana ta take ya kai na mijinta. Sai na ja bakina na yi shiru.

Kasuwa uku ban ɗora tukunya ba. Wata ta fara kafa murhu kusa da wurina. Fitsarina ma ya canza, ya yi duhu kamar shayi.

Matan zumunta suka zo gida yi mini addu'a, na ce musu ciwon tsufa ne. Muka sunkuyar da kai. Rifkatu, ƙawata tun ƙuruciya, ita ta ja addu'ar, sai na ji ta ce, "Ya Uba, ka taɓa ciwon da ta faɗa mana, ka taɓa da wanda ba ta faɗa ba."

Wayyo! Hawaye suka ɓalle mini. Na ga kaina sarai: ina roƙon Allah ya aiko taimako, alhali ya riga ya sa shi cikin gidana, ni ce na rufe ƙofa. Abin da nake kira kunya, rabinsa girman kai ne. Na ce, "Yesu, ka gafarta mini ƙaryata, ka buɗe mini baki."

Ranar na sa aka kira Saratu da mijinta a waya. Washegari da hantsi suka iso. Na zauna cikin ɗaki, shi ya durƙusa bakin ƙofa, labule tsakaninmu. Na faɗi komai, har ƙwaya biyun, har fitsarin.

Ya ce, "Inna, tun yaushe?"

Na ce, "Ya kai wata huɗu."

Sai ya ce, "Inna, maganin ga yana yi ma wasu haka, kuma ana canza shi. Da kin faɗi tun farko, da magana ta ƙare. Da ƙodarki ta lalace, da wane ido zan dubi Saratu?"

A ranar suka tafi da ni Maradi. Lokotoro ya tsayar da ƙwayar, aka sake analiz, aka ƙara mini ruwa. Da jikina ya huta ya ba ni wani irin magani, ƙarami. Sannu a hankali ƙarfi ya dawo. Yau muciya tana hannuna, na koma wurina, kitse kuma sai dai mu gaisa daga nesa. Haleluya!

Ban ce kowa ya zubar da maganinsa ba, ni ma ina shan nawa. Amma in ya taɓa maka jiki, kada ka ƙara, kada ka ɓoye, ka koma wurin wanda ya ba ka. Ku dogara ga Ubangiji, yana ji, kuma sau da yawa amsarsa tana hannun wanda muke jin nauyi.

Na gode wa Allah da ya tashe ni. Na gode wa surukina, wanda Allah ya yi aiki ta hannunsa, ga shi can a bencin baya ya sunkuyar da kai. Sunansa dai har gobe ba zai fito bakina ba. Amma gaban ikilisiya duka ina cewa: ɗana, Allah ya yi maka albarka. Amin.