Nakiyar Bakin Rafi

A bencin wurin gyaran ƙafar roba, wata mai sayar da itace ta ɗora tata a cinya tana ta leƙen ƙofa. Tsohon da ke gefenta kuwa ya kasa zama shiru tun da rediyo ya ambaci 'yan ta'adda.

"Ki ji fa, 'yata! Yanzu kowa ya ɗauki bindiga sai a haɗa shi da mu. Mu 'yanci muka nema."

"Su ma haka suke cewa, Baba."

"Ina! Ɗan ta'adda kasuwa yake nema, ya kashe mata da yara. Mu soja kawai muke hari. Ko nakiya ma a hanyar motocinsu muke binnewa, can bakin rafi, gindin tsamiya."

Matar ta daina leƙen ƙofa.

"Tsamiyar da ke kusa da tsohuwar gada?"

"Kin san wurin?"

"A nan na bar ƙafata bara. Sojojin sun tafi tun ina goye, Baba, amma nakiyarku ba ta ji labari ba."

Tsohon ya shiga murza hularsa. "Ba ke muka nufa ba, wallahi."

"Na yarda. Ba hujja nake nema ba. 'Ya'yana ta nan suke bi zuwa ɗiban ruwa kullum. Ina sauran suke?"

"Ba mu sa alama ba. Mun ɗauka duk za su tashi a lokacin."

Aka kira shi ciki, amma ta riƙe sandarsa.

"Idan an gyara maka ƙafar, tare za mu je. Kai za ka shige gaba."