Ma'ajiya Mai Faifai Huɗu

A bencin shagon kwamfuta, wata mata ta dubi dattijon da ke rungume da tsohuwar na'urar ajiyar bayanai.

"Baba, gyara ka kawo ta?"

"Canji dai, 'yar nan. Shekara goma sha biyu tana ajiye mana taswirorin filaye, kowa a ofis daga cikinta yake ɗauko aiki. Yanzu ta fara tari kamar ni."

"Sayi mai faifai biyu. In ɗaya ya mutu, kwafin aikinku na kan ɗayan."

"Mai huɗu zan saya."

"Ku nawa ne a ofishin?"

"Mu biyar."

"Ai ta yi muku yawa!"

Ya yi dariya. "Ni ta yi wa yawa. Wata mai zuwa autata za ta karɓi ofishin, kuma aikin da nake yi a wata, ita a sati take gamawa."