Ranar da Baban Ruwa Ya Huda Bangona

Shugaban taro, malamanmu, tsofaffin abokan aikin marigayi na ma'aikatar ruwa, Mama uwargidansa, 'ya'ya da jikoki, maƙwabta maza da mata, assalamu alaikum.

Mazauna benenmu ne suka ce in yi magana da yawunsu, saboda bango ɗaya ya raba ɗakina da falonsa.

Baban Ruwa, kamar yadda muke kiransa, ya kasance mutumin da ake fara nema in famfo ya ƙafe a unguwa, har bayan ya yi ritaya. Ya kasance mai barin ƙofarsa a buɗe. Wata tsohuwar kwamfuta da babban ɗansa ya ajiye, ita ya jona da talabijin, falonsa ya zama wurin kallonmu. Sai dai kwamfutar tana da halinta. In shirin kai tsaye ne, sai hoto ya tsaya cak, ɗan zoben nan na jira ya yi ta juyawa a tsakiyar allo. Mu ji ihun cin ƙwallo daga maƙwabtanmu na hawan ƙasa, mu kuwa ɗan wasanmu ya daskare da ƙafa a sama. Mu yi ta tsaki, shi ko ya ce, "Ku bar ta ta numfasa."

Haka muke har Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ana cikin jinya Auta, ƙaramar 'yarsu, ta samu aikin karanta labarai a wani gari mai nisa, aka sa ranar da za ta fara fitowa kai tsaye. A lokacin ne haƙurinsa da kwamfutar ya ƙare. Ya ce mini, "Ƙwallo ta tsaya, ba komai. Amma fuskar 'yata ba za ta daskare a gaban uwarta ba."

Ya kwance kwamfutar, ya goge ƙurar fankarta. Ya rage kyan hoton. Ya kashe duk abin da take yi a bayan fage. Ta ɗan yi sauƙi, amma ba ta daina ba. Wata safiya sai ga shi a ƙofata da injin huda bango da naɗin waya a kafaɗa. Akwatin intanet ɗin da muke tarayya a kansa, a ɗakina yake.

"Maƙwabci, saƙon intanet ɗin ba ya ratsa bangon nan da ƙarfi. Waya zan ja. Zan huda."

Na ce, "Mai benen da ya ba mu haya fa?"

"Na gaya masa. Ya ce in an gama a ajiye masa kujera."

Ya huda, ya ja wayar har kwamfutar. Ranar fitowar Auta ta zo, muka cika falo, aka turo Mama gaba a kekenta. Auta ta fito ta yi sallama, ta karanta labarai daga farko har ƙarshe, hoto bai tsaya ba. Na waiga in yi masa barka, sai na ga ashe shi ba talabijin yake kallo ba, Mama yake kallo. Ita kuwa, da harshenta da ya yi nauyi, ta ce, "Ka gaya mata ta rage sauri." Ya yi dariya har da goge ido.

Mama, kin zauna da mutumin kirki, kuma ya san ya dace da ke. Mun shaida. Ku 'ya'yansa, aiki zai mai da ku garuruwanku, ku tafi da kwanciyar hankali. Mun riga mun raba kwanaki a tsakaninmu, ba ranar da Mama za ta zauna ita kaɗai.

Muna godiya ga duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Baban Ruwa, ya yafe masa kurakuransa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da unguwarmu. Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.