Na Zubar da Maganin 'Yata Bayan Tiyata

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, ina gaishe ki da masu sauraro. Hajiya Rabi ce daga Gyadi-Gyadi. Haushin kaina ne ya sa na rubuto.

'Yata Zainab ta haihu ta hanyar tiyata, aka kawo mini ita jego daga Tarauni. Da na buɗe ledar magungunanta sai na ga taramol, ƙwayar nan da kullum nake karanta cewa tana lalata mana yara. Ni mai ilimi, ban tambayi kowa ba! Na jefa shi masai, na ce, "Mu da muka haifi bakwai me muka sha? Ki daure."

Ta kuwa daure. Kwana uku ba ta ce uffan ba, saboda kunyar haihuwar fari. Sai da maƙwabciyata Maman Ngozi, ma'aikaciyar jinya, ta shigo barka, ta tarar jariri yana kuka, Zainab ta kasa ɗaga shi, sai gumi take. Da ta ji abin da na yi ta ce, "Hajiya, ke an taɓa yanka cikinki? Likita ne ya rubuta, na 'yan kwanaki, da ƙa'ida!"

Asibitin ma da laifinsu, babu wanda ya yi mana bayani. Amma hannuna ne ya zubar.

Mun koma an ba ta wani. Na roƙi gafara, ta ce, "Ba komai, Mama." Sai dai yanzu in na shigo ɗakin, tura maganinta take ƙarƙashin filo.

Iyaye mata 'yan'uwana, yaya zan yi yarinyar nan ta sake yarda da ni?